Daga Garwa zuwa duwatsun Rumsiki da motar haya

Ba sai mutum yana da motar kansa ba kafin ya taka duwatsun Mandara na arewacin Kamaru, inda garin Rumsiki yake. Tun da na dawo nake ta nanata wa mutanen layinmu a kasuwar Garwa wannan magana, don duk wanda ya ji na je Rumsiki, tambayarsa ta farko ita ce wa ya ara mini mota. Bas na shiga zuwa Marwa kamar kowa, na kwana gidan gwaggona, da sassafe na nufi tashar Mokolo. Ranar Laraba na zaɓa da gangan, ranar kasuwar Mokolo ke nan, mota ba ta daɗewa ta cika. Tsakanin Marwa da Mokolo kusan kilomita 80 ne, kuma kwalta ce.

Ɓacin ran tafiyar duka a wani shinge na same shi. Wani mai kaki ya leƙo ya karɓi katin kowa. Da ya ji ina Hausa da na kusa da ni, sai ya riƙe nawa ya ce in sauko. Wai daga ina na tsallako? Na ce masa a Garwa aka yanke cibiyata, can aka binne kakana, ga shi rubuce a katin da ke hannunsa. Ya juya katin gaba da baya, ya soke shi a aljihu, ya koma inuwa ya zauna, ya bar ni tsaye cikin rana, mota cike da mata da yara tana jira. Kowa ya san abin da yake so, ni kuwa na ƙi. Sai da wata tsohuwa ta sauko da sandarta ta ce masa da Fillanci, “Ɗana, jikata na da zazzaɓi, asibiti za mu,” sannan ya wurgo mini katin ƙasa.

Ba na adawa da bincike a wannan hanya. Yankin ya sha wuyar Boko Haram, kuma sansanin Minawao, inda 'yan gudun hijirar Najeriya suke zaune tun 2013, ba shi da nisa da titin. A sauran shingayen an duba mu cikin mutunci, har da sannu da hanya. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a ce harshen da na sha a nono ya isa a mai da ni baƙo a ƙasata.

Daga Mokolo kwalta ta ƙare. Zuwa Rumsiki wajen kilomita 50 ne na jar ƙasa da duwatsu. Ana samun motar kasuwa in an dace, amma abin dogaro shi ne mai mashin. Na farko ya yanka mini sefa 10,000, na yi gaba abina. Na biyu ya ce 7,000, muka ja muka daidaita a 5,000. Bayan na ga hanyar na tabbata ban biya shi da yawa ba. Shi ya bayyana mini cewa tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, man kwalba da suke saya a bakin titi ya yi tsada, ga taya ba ta jure wannan hanya. Da muka isa na ƙara masa 500.

Tun kafin Mogode duwatsun suke fara bayyana, kuma ba irin waɗanda na saba gani a gefen Binuwai ba ne. Kowanne ya miƙe shi kaɗai daga cikin kwari, siriri, dogo, kamar taɓarya a tsaye. Tsohon aman wuta ne ya bar su: narkakken dutse ya daskare a maƙogwaron tsaunin, ruwa da iska suka yi ta cinye ƙasar da ke kewaye har ta ƙare, ya rage ƙashin kawai. Wanda ake yawan ɗauka hoto, Dutsen Kapsiki, tsayinsa mita 1,224 daga matakin teku. Ga sanyi. A Garwa ko cikin hunturu da rana gumi muke, nan kuwa da magariba ta yi sai da na nemi bargo.

Ɗan jagoran da na samu magidanci ne, Bakapsike, wato ɗan ƙabilar Kapsiki ta yankin, yana jin Faransanci da Fillanci, Hausarsa kuma a kasuwar Mubi ya koya. Ya ce da can Turawa ke cika garin, mutum ya raka su kwana da kwanaki cikin duwatsu ya ciyar da gidansa. Tun da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Waza a watan Fabrairun 2013 ƙafa ta ɗauke, shi ma ya koma noman dankalin Turawa da gyaɗa. Da na tambayi kuɗin rakiya sai ya yi shiru, ya ce, “Malam, ban taɓa yi wa ɗan ƙasa ciniki ba.” Wannan kalma ta tsaya mini. Wuri irin wannan a ƙofar gidanmu, sai na nesa ne suka san darajarsa. Na ba shi 6,000 na yini, ban nemi ragi ba, kuma ina roƙon duk wanda zai je kada ya matse waɗannan mutane.

Hanyar da muka bi ta gangara ne daga bakin garin zuwa cikin kwarin da ke fuskantar Najeriya. Gangarar tana da tsakuwa mai zamewa, mai silifas zai sha wuya, amma ba ta buƙatar igiya ko wani kaya. Takalmi mai kama ƙasa da gorar ruwa sun isa. Matan da ke hawowa da dammunan dawa a ka ma ko sanda ba su riƙe ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina gonakin ne. An jera duwatsu da hannu, layi bisa layi, an tare ƙasa a bayansu don kada ruwan sama ya kwashe ta, wani fegin faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Na tsuguna na duba wani jeri: babu siminti, babu laka, dutse ne kan dutse an cusa ƙanana a tsakani, kuma duk shekara sai an gyara inda damina ta rushe. Mu da ke sayen dawa a mudu muna ƙorafin tsada, ya kamata mu zo mu ga inda wata take fitowa.

Na tambaye shi me ya kai mutane zama a irin wannan wuri alhali ga fili. Ya dube ni kafin ya amsa, ya ce tsoron mahara ne masu kamun bayi. Ya ambaci Hamman Yaji, sarkin Madagali, wanda a farkon ƙarni na 20 yake aiko da mayaƙansa cikin duwatsun nan, har ya bar rubutaccen lissafin hare-harensa daga 1912 zuwa 1927. Ni Musulmi ne, kuma jin wannan labari daga bakin jikan waɗanda aka kora ya yi mini nauyi ƙwarai. Bai faɗe shi da gaba ba. Ya nuna mini ƙauyukan hayi ya ce can Najeriya ce, danginsa ne, a wajen Michika ana ce musu Kamwe ko Higi. Babu shinge, babu tuta, kuma naira da sefa duk suna ci.

A ƙasan kwarin muka faɗa gidan wani dattijo, abokin mahaifinsa. Katangar dutse, ɗakuna zagayayyu, rumbuna a tsakiya. Ba Musulmi ba ne, amma da ya ji ko ni wane ne sai ya sa aka kawar da tulun burkutu, aka wanke sabuwar ƙwarya aka kawo mini kunun gyaɗa. Azahar ta yi, ya shimfiɗa mini buzu a gindin tsamiya, ya nuna mini gabas. Sannan ya aika yaro ya kira wani maƙwabcinsa Musulmi don ya yanka kaza, saboda in ci hankalina kwance. Na ce, “Baba, wannan ɗawainiya ta yi yawa.” Ya ce, “Ɗana, wanda ya sauko kwarin nan da ƙafarsa ba ya hawa da yunwa.” Muka ci tuwon jar dawa da miyar kuka. Na fito da kuɗi, ransa ya ɓaci, sai goron da ke jakata ya karɓa. A birni yanzu maƙwabci ma sai ya buga waya kafin ya shigo, shi kuwa wannan bawan Allah ko sunana bai tambaya ba sai da na ƙoshi.

Hawowa ta fi sauka wuya, sai dab da magariba muka iso. A cikin gari kuwa farashi na zamanin Turawa ne har yanzu. Ruwan gora ninki biyu na Mokolo, masu saƙa da masu ƙera tagulla kuma suna fara ciniki daga sama sosai. Aikinsu yana da kyau, na sayi zanen saƙi bayan doguwar jayayya, amma in suna son mu 'yan ƙasa mu riƙa zuwa, sai sun sauko. Akwai kuma wani boka da ke duba da ƙaguwa, wanda a da baƙi ke layi a wurinsa. An yi mini tayi na ce a'a, ba wanda ya matsa.

Washegari muka taka zuwa Mogode ta bayan gonaki, hanya mai sauƙi, daga can na hau mashin zuwa Mokolo. Na leƙa Jingiliya a hanyar Koza, ƙasar ƙabilar Mafa, inda gonakin dutse suka hau har ƙololuwa, rufin ɗakuna kuma masu tsini. Turu, mai kasuwar Alhamis, direbobi suka ce kada in je saboda tsaro, na ji maganarsu. Duk mai niyya ya fara tambayar 'yan tasha halin da hanya take ciki a ranar.

Da na dawo Marwa na shiga motar Mindif, kusan kilomita 25, na zagaya gindin dutsen garin da ƙafa, don samansa sai masu igiya. Da la'asar na koma Marwa na yanki tikitin Garwa na safe.