Sai Ka Juya Hoton

Wata takwas na yi ina kwafe tsofaffin hotunan jarida zuwa kwamfuta a wani ɗakin ajiya a Kaduna. Kwalaye ne jibge, duk ƙura da kashin kyankyaso, cikinsu 'yan dambe, mawaƙa, dalar gyada ta Kano, hasumiyar Gobarau ta Katsina. A makon farko na kwafe fiye da ɗari biyu ina ta jin kaina, ashe rabin aiki na yi, don fuskar hoto kawai nake ɗauka, bayansa ko oho.

Dick Tiger, shahararren ɗan damben Najeriya, shi ne ya tona mani asiri. Na ci karo da hotonsa cikin zoben dambe, jiki duk gumi. Na ɗan leƙa baya, na ga hatimi mai 1971, na rubuta cewa damben 1971 ne. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a wurin ya karanta, ya sauke tabarau.

"Yaro, wa ya dambata da shi a 1971?"

"Baba, ai haka hatimin ya ce."

"Hatimi ranar da aka buga hoto yake faɗa. Duba ƙasa."

Can ƙasa, ƙarƙashin wata 'yar takarda da aka manna da gam, ga wani hatimin ya koɗe: Agusta 1963. Damben Ibadan ne, a filin wasa na Liberty, inda ya doke Ba'amurken nan Gene Fullmer ya riƙe kambunsa na duniya. Dambensa na ƙarshe a 1970 ya yi shi, ya rasu a Disambar 1971, shi ne aka zaro tsohon hoton aka sake bugawa da labarin rasuwar. Da ba don Baba ba, da na sa mutum dambe yana kwance ciwon ajali.

Daga nan na fara karanta bayan hoto kamar wasiƙa. Kowane hatimi fita ɗaya ce da hoton ya yi a jarida. Akwai girman da edita ke so a shafi, akwai sunayen da aka rubuta da fensir. Biro kuwa annoba ce, tawadarsa kan huda har fuskar mutum, salatif kuma ya bar tabo ruwan ƙasa da ba ya fita.

Wanda ya fi tsaya mani a rai na Mamman Shata ne. An ja layi da jan fensir an kewaye shi daga kai zuwa ƙirji, iyakar abin da mai karatu ya gani ke nan. A wajen layin ga makaɗan kalangu, ga 'yan amshi baki buɗe, ga wani yaro ya ɗare katanga yana kallo. Ban ga laifin editan ba, shafi ne ya matse shi. Amma ni a ganina inda ya yanke ya fi inda ya bari daɗin kallo, don Shata ba shi kaɗai yake tashin waƙa ba. Sai na daina yanke gefen hoto don ya yi kyau, har layin fensirin nake kwafewa.

Gine-gine ma haka. An rushe Ƙofar Na'isa ta birnin Kano a 2010 don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa, saboda haka duk hoton tsohuwar ƙofar ƙasa yanzu shaida ne, kuma ranar da ke bayansa ce ke ba shi nauyi.

Ɗari biyun nan na farko kuwa, sai da na sake zaro su ɗaya bayan ɗaya, na kifa kowanne a kan na'ura. Kwana tara ya ci ni, Baba yana gefe yana shan shayinsa, bai ce mani uffan ba.