Sunan Aro da Lambar Asusu

Ranar da na gama babin farko na labarina, a ƙarshen 2019, na zo wurin sa suna sai na kasa gaba na kasa baya. Labarin wata mata ne da uwar mijinta ta hana ta sakat har igiyar aure ta tsinke. Ni kuwa a lokacin gidan gandu nake zaune a Zariya, ƙofar ɗakina na kallon ta Hajiya, mahaifiyar maigidana. Wallahi ba ita na zana ba, baiwar Allah ce da ko tsawa ba ta taɓa yi mini ba. Amma wa zai yarda? A wurinmu in mace ta rubuta labarin saki sai a ce gidanta ne ya ɗau zafi, in ta rubuta na soyayya a ce ina ta san wannan.

Tsoron ba daga sama na tsinto shi ba. Ina sakandare a 2007 aka ƙona littattafan Hausa a wata makarantar 'yan mata a Kano, zamanin Gwamna Shekarau, da sunan gyaran tarbiyya. Shekara na zagayowa kuma hukumar tace fina-finai ta jihar ta ce kowane marubuci ya je ya yi rajista. Mu da muke ɓoye littafi a ƙasan hijabi mun ji abin a jikinmu, har na girma da ganin marubuciya kamar mai laifin da ba a riga an kama ba.

Sai na yi abin da na ga sa'o'ina suna yi a manhajar labarai ta Wattpad da zaurukan WhatsApp, inda kowa Maman wance ce ko Ummu wane. Na ɗauki sunan wata 'ya da ban haifa ba na zama uwarta. Bai yi mini wani banbaraƙwai ba, don mu dama mun saba da sakaya suna: ɗan fari ba a faɗin nasa, na miji ma sai dai a ce Malam ko maigida. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai kawai shi ne rubutattun waƙoƙin da kakana yake rerawa, inda mai waƙa kan rufe da faɗin sunansa da na mahaifinsa da garinsu, don in da gyara a san wanda za a nema.

Gaskiya sunan aro ya yi mini rana. Hannuna ya sake. Na rubuta abin da in da sunana ne sai na tauna shi sau goma, mata kuma suka yi ta biyo ni da nasu labaran, wasu har da kuka a saƙon murya, saboda sun san ba za mu haɗu a gidan biki ba.

Kuɗi ne suka fara tona ni. Bayan babi ashirin kyauta na ce mai son ci gaba ta biya naira 300. To a biya ta ina? Asusun banki ba ya sanin Maman wance. Tun da aka shigo da BVN, lambar tantance masu asusun banki, a 2014, sunan da ke jikin takardunka shi ne ke fitowa duk wanda ya danna lambarka, cikakke, har da na uba. Ni duk ban kawo wannan ba, na manna lambar a zaure mai mutum sama da ɗari biyu. Da la'asar sai ga ƙanwar maigidana ta ɗaga labule, waya a hannu, tana danne dariya.

"Matar Yaya, ashe ke ce kike hana mu barci?"

Na ce, "Don girman Allah ki rufa mini asiri."

Ta ce, "Zan rufa, amma ni ba zan biya ɗari ukun ba."

Wannan da sauƙi, an yi dariya ya wuce. Na biyun ne ya ƙona mini rai. Wata shida bayan na kammala, aka turo mini labarina daga wani zaure, an sauya sunayen taurarin, an cire nawa an ɗora na wata, ana sayarwa 500. Na yi magana, ta ce in kawo shaida. Dokar haƙƙin mallaka ta san da aikin da aka fitar da sunan aro, tana kuma kare shi, amma kafin doka ta tsaya maka sai ka fito ka ce ni ne wane, ga abin da ya haɗa ni da wancan sunan. Ni kuwa a waya nake rubutu kai tsaye, wayar ma ta faɗa ruwa tuni, layin da na buɗe zauren da shi na ƙanina ne. Haka na haɗiye, kukan kurciya ma ban samu na yi ba.

Daga nan na zauna na tambayi kaina: wai wa nake gudu? Da na ƙirga, ba su kai mutum biyar ba, kuma duk a gida ɗaya muke cin tuwo. Saboda su na bar ƙofa a buɗe ga ɓarayi, na kuma ƙi shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da ake yi wa mata tun 2016, don kada tsautsayi ya sa in ci a kira ni Abuja a ɗauki hotona.

Ban yar da sunan ba, masu karatu sun riga sun san shi, kuma shi ne jarina. Amma yanzu kowane babi sai na fara rubuta shi a littafi da biro, in sa kwanan wata, in tura wa kaina ta imel kafin ya fita. A shafin farko kuma sunana na yanka yana nan a ƙasan na aron. Maigida na gaya masa da bakina, ya yi shiru can ya ce, "Ni dai kada ki sa ni a ciki."

Hajiya ce ta rage. Ashe ƙanwar maigidan nan ta daɗe tana karanta mata babi-babi bayan sallar isha. Ranar da na shiga gaishe ta da niyyar in yi bayani, ina durƙushe ina kame-kame, ta katse ni.

"Ke 'yar nan, tashi. Uwar mijin nan ta cikin littafinki, ya aka yi kika bar ta ta gama lafiya?"