Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sallar da Na Fara Mayar da Ɗinki

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda na bar gaban maigidana na kama shagon kaina a Fagge, da keken ɗinki biyu da injin aiki ɗaya da na saya na hannu. Yau kuma Babbar Sallar 2023 za mu shiga.

Duk wanda ya yi wannan shekarar a Najeriya bai manta da ita ba. Farkonta aka sha wahalar canjin kuɗi, mutum da kuɗinsa a banki amma ba na cefane a aljihu. Ba mu gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Sallah kuma ta faɗo 28 ga Yuni. Wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, injin aiki kuwa ba ya motsi sai da janareto. Ɗinkin da na karɓa a tsohon farashi, har na ci kafin alƙalami, sai ga shi da sabon mai zan yi shi.

Dabarar da ta zo min ita ce ta kowane tela: in ƙara karɓar kaya in cike giɓin. Shaddoji da yadika daga Kantin Kwari suka taru a kusurwar shago har suka tare taga, kowace leda da takardar awonta maƙale da allura. Sai tsakar dare nake tashi, goro a kumatu, shayi mai kauri a gefen keke. Waya kuma ba ta shiru. "Malam, ya maganar kayana?" Amsa ɗaya ce: "In sha Allahu gobe, Alhaji." Shi yana kashe waya ya ci gaba da harkarsa, ni kuwa wannan goben tana bina har kan katifa.

Ƙeyata ta fara ɗaurewa. In na kwanta barci ba ya zuwa, zuciya sai dukan uku-uku. A gida abu kaɗan faɗa. Ranar da ƙaramar 'yata ta zubar da koko a tabarma na daka mata tsawa har ta ɓuya bayan uwarta, sai uwargida ta dube ni ta ce, "Baban yara, wannan ba halinka ba ne. Don Allah ka je a auna ka."

A asibitin unguwarmu wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ta naɗa min abin awo a damtse. Jinin ya haura 140 bisa 90. Ta sa na zauna na huta, ta sake, bai sauka ba. Ta tambayi sana'ata, da na faɗa sai ta yi dariya ta ce ai lokacinmu ne. Sannan ta yi min bayanin da ban taɓa ji ba: idan mutum ya firgita ko ya shiga damuwa, jiki yana sakin wasu sinadarai da ke sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su matse. Don ɗan lokaci aka halicci abin, mutum ya kuɓuta daga haɗari ya dawo daidai. Wanda kullum yake cikin fargabar bashi da alkawari, nasa ba ya dawowa. Ta ce, "Ɗana, awon rana ɗaya ba ya yanke hukunci, ka riƙa dawowa. Idan likita ya rubuta magani ka sha, kada ka ce tafarnuwa ta isa." Ta ce in rage gishiri da magi, don Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce a rana, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan. Tafiyar ƙafa kuma ta kai minti 150 a mako, barci kada ya gaza awa bakwai.

Awa bakwai ga tela ana saura makonni Sallah! Daga can gidan maigidana na wuce. Ya saurare ni yana jan carbi, sannan ya ce, "Janaretonka in ya yi zafi me kake yi masa?" Na ce kashe shi nake, Baba. Bai ƙara komai a kai ba, sai ya ce in ɗauko littafin awo. Muka ƙirga abin da ni da yarana biyu za mu iya ɗinkawa a rana ba tare da kwana ba, muka ninka da kwanakin da suka rage zuwa jajibiri. Ya ce abin da ya haura in mayar wa masu shi tun yau, tun suna da damar neman wani tela.

Wannan ne ya fi min wuya a duk shekarun da na yi a sana'a. Na riƙa kira ɗaya bayan ɗaya, hannuna na rawa. Wani Alhaji ya zo da kansa, ya zazzaga min masifa a gaban yara, ya fizgi ledarsa da kuɗinsa ya fice. Wata Hajiya da ta kawo kayan 'ya'yanta maza kuwa cewa ta yi, "Allah ya yi maka albarka da ba ka bari sai daren Sallah ba." A ganina ita ce ta fahimci abin. Tela ba ya ƙarya don mugunta, kunyar cewa a'a ce take jefa shi, kuma ita ce take cin lafiyarsa.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne. Bayan isha'i da awa ɗaya nake rufe shago, in kashe wayar aiki. Shayi da goro na tsayar da su daga la'asar. Bayan azahar nakan shimfiɗa tabarma a bayan teburin yanka in yi ƙailula ko ta minti ashirin ce. Na daina hawa adaidaita sahu zuwa gida, ina takawa, abin da ya rage min kuɗin mota ma. Daren Juma'a na koma majalisar abokaina da na daɗe da ƙaurace wa. Nan na ji ashe mai shagon kayan masarufi da malamin firamare duk irin nauyin da nake ɗauke da shi suke ɗauke da shi, sai ga mu muna yi wa kanmu dariya.

Bari in ɗan yi ratse. Yara masu tasowa a sana'armu da yawa tramadol suke haɗiya don su kwana a kan keke. Ina ganinsu, idanu jajir, ɗinki a karkace. Babu babbar rigar da ta kai wannan farashin.

Ranar Arfa da la'asar na miƙa ɗinkin ƙarshe, na yi azumina a natse, na sha ruwa a gida. Kuɗin da na samu bai kai na Sallar da ta gabace ta ba, ragon layya ma bai samu ba, sai da muka haɗa hannu da ƙanena muka shiga watandar shanu. Jinin ya fara sauka a hankali, ina zuwa awo kamar yadda aka ce.

Ana gama hidimar Sallah, babban yaron shagona ya same ni ina gogar wani kaftani, ya durƙusa ya ce, "Oga, akwai maganar da nake so mu yi, amma ba a gaban ƙaramin ba." Abin da ya faɗa min shi za mu ɗauko a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.