Juma'a a birnin Rum: yawon ƙafa, ruwan famfo da tambayar mai abinci

Juma'a, dare.

Wallahi yau na taka, ƙafafuna har zugi suke. Bari in rubuta abin da ya gudana tun yana sabo a kaina, don na san da yawa za su tambaye ni in na koma, musamman zancen abinci.

Masaukinmu yana kusa da Tarmini, babbar tashar jirgin ƙasa ta birnin, kuma duk wanda zai zo ina ba shi shawara ya sauka a nan kusa ko da unguwar ba ta kai wasu tsafta ba, saboda layin metiro A da B, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, a nan suke haɗuwa, jirgin filin jirgin sama ma nan yake saukewa. Ƙanina da ke karatu a nan ya iso da sassafe ya kwashe mu ni da Kawu. Karin kumallo a tsaye muka yi shi, a jikin kanta, don ya ce in ka zauna a tebur kuɗin kofi ɗaya na iya ninkawa, musamman a wuraren da baƙi suka yi yawa. Kofi da madara mai kumfa, sai wani burodi mai zaƙi da suke kira cornetto. Kafin mu ɗauka sai da ƙanina ya tambayi mai shagon ko da man shanu aka yi shi ko da strutto, wato kitsen alade, don wasu masu gashin da shi suke kwaɓi. Kawu ya kalli ɗan burodin ya kalle ni yace "yanzu wannan shi ne abincin safen nasu?" Nace Kawu ku yi haƙuri, rana na tafe.

Daga nan muka leƙa kasuwar Eskwilino da ke kusa da dandalin Bitoriyo, tafiyar 'yan mintuna ce daga tashar. Kasuwa ce a rufe, kuma a nan baƙin birnin suke cefane: mahautan halal a jere, 'yan Bangaladesh da kayan yaji, kifi, shinkafa kala kala, ga doya ga kuɓewa ga attarugu ga manja. Wanda ya kama ɗaki mai kicin to ya huta, ya zo nan ya yi cefanensa ya dafa abin da ransa ke so. Amma a zo da safe, da yamma ana rufewa, ran Lahadi kuma ba ta ci.

Daga Tarmini a metiro B tasha biyu kacal sai ga Kolosiyum, tsohon katafaren filin wasan Romawa, kana fitowa daga ramin tashar sai ka gan shi tsaye a gabanka ya cika ido. Tikiti tun a intanet ƙanina ya saya mana da sunayenmu da lokacin shiga, kuma a ƙofa suna duba fasfo su ga sunan ya yi daidai, don haka kar a bar shi a masauki. Sarki Besfasiyan ne ya fara ginin wajen shekara ta 72 miladiyya, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasannin da aka kwashe kwana 100 ana yi. Yana ɗaukar mutum wajen 50,000, da ƙofofi 80, yadda jama'a za su shiga su fita ba turmutsitsi. Ɗaya gefen da ya zube girgizar ƙasa ce ta 1349 ta kayar da shi, daga baya kuma mutanen gari suka yi ta kwasar duwatsun suna gina gidaje da coci-coci da su. Ni dai gaskiya cikin bai burge ni kamar wajen ba, kana leƙa ramukan ƙasa inda ake tsare zakuna da sauran namun dajin da aka kamo daga arewacin Afirka da bayin da za su yi faɗa har mutuwa don jama'a su yi shewa, sai jikinka ya yi sanyi. Kawu bai ce komai ba sai "Allah ya kyauta", ya nemi dutse ya zauna.

Tikitin ya haɗa da Forum da tudun Falatin da ke gefe, wato tsohon tsakiyar gari da fadojin sarakuna. Mun ratsa Forum ne kawai da sauri saboda Juma'a. Abu ɗaya da na tsaya na kalla shi ne ƙofar nasara ta Sarki Seftimiyus Seberus da aka gina a 203, mutumin da aka haifa a Leftis Magna, a ƙasar Libiya ta yau, ya zo ya mulki daular baki ɗaya. A waje kuma akwai masu shigar sojojin da, in ka ɗauki hoto da su sai ka biya, da samari 'yan Afirka ta Yamma masu ɗaura wa mutane awarwaro a hannu. Da suka ga hular Kawu sallama kawai suka yi masa suka wuce.

To abin da ya fi tsaya mini a rai a garin nan ba gini ba ne, ruwa ne. Ko'ina ka bi akwai wasu gajerun famfunan ƙarfe a bakin titi, suna ta zuba dare da rana ba a kashewa, nasoni suke ce musu. Tun 1874 aka fara kafa su, yanzu sun kai wajen 2,500, ruwan sanyi ƙalau kuma na sha ne, kyauta. Akwai ɗan rami a saman bututun, in ka toshe bakin da yatsa sai ruwan ya yi tsalle ta saman ka kafa baki ka sha. Gora ɗaya muka saya tun safe ita muke ta cikawa. Kawu ya tsaya ya daɗe yana kallon wani yana malala a kwata, yace "ai da a unguwarmu ne da 'yan garuwa sun yi layi har bakin titi", kuma har dare bai daina jin zafin ruwan da ke zuba a banza ba, duk da ƙanina ya yi masa bayanin cewa gudun da yake yi kullum shi ke hana shi lalacewa a cikin bututu.

Zuwa masallaci: metiro B muka koma Tarmini, muka canza zuwa A har Filaminiyo, nan muka hau wani ɗan jirgin ƙasa na bayan gari muka sauka a tashar Kamfi Isfortibi. Ba ka buƙatar tambayar hanya, kawai bi masu jallabiya. Babban masallacin Rum yana gindin tudun unguwar Fariyoli, cikin bishiyoyi, nesa da hayaniya. Hukumar birnin ce ta ba da filin a 1974, Sarki Faisal na Saudiyya yana kan gaba wajen ɗaukar nauyin aikin, aka aza harsashi a 1984, aka buɗe shi a 1995, kuma yana cikin mafi girma a duk Turai. Wani Ba'italiye mai suna Paolo Portoghesi ne ya zana shi tare da abokan aikinsa, ya yi ginshiƙan farare suna buɗewa ta sama kamar bishiyar dabino, haske kuma yana shigowa ta wata tsaga da ta zagaye bangon, ba ka ganin tagar sai dai hasken. Sahu ya cika da 'yan Maroko da Masar da Senegal da Fakistan da Somaliya da Turawan da suka musulunta. Kusa da ni wani dattijo ne ɗan Nijar, muna gaisawa da Hausa Kawu ya ji, ai shikenan hira ta ɓarke bayan sallah sai da muka yi ta jan hannunsa.

Kuma a nan muka ci abincin rana na gaske. Duk Juma'a ana kafa rumfuna a ƙofar masallacin, gasasshen nama da kaza, kuskus, burodin Larabawa, shayi mai na'ana'a, alawoyin zuma, dabino, ga masu turare da littattafai. A nan ne kaɗai yau muka ci nama ba tare da mun yi wa kowa tambaya ba. Kawu ya ci ya ƙara, fuskarsa ta washe. Duk musulmin da zai zo Rum ya yi ƙoƙari tafiyarsa ta haɗa da Juma'a, ko don wannan.

Da muka dawo Filaminiyo ƙofa ɗaya muka ratsa sai ga dandalin Fofolo, da doguwar hasumiyar dutse a tsakiya mai rubutun Fir'aunoni, Sarki Agustus ne ya sa aka ɗauko ta daga Masar shekara 10 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Irin waɗannan tsoffin hasumiyoyi 13 ne a birnin. Da akwai wata ta Aksum da sojojin Musolini suka kwaso daga Habasha a 1937, ita dai an mayar da ita a 2005, na Masar kuwa suna nan daram. Muka hau tudun Finco da ke saman dandalin, daga can kana hango rufin gari har ƙubbar cocin Fadar Fafaroma. Nan muka huta a lambu har la'asar ta yi, muka yi alwala a famfon nasoni, muka shimfiɗa darduma a gefe cikin ciyawa, ba wanda ya ko kalle mu.

Matakalar Sifaniya ba wani abu ba ne, matakala ce, kuma tun 2019 an hana zama a kanta, 'yan sanda na hura usur in ka ɗora mazaunai. Mun sauka mun wuce.

Maɓulɓular ruwa ta Tirebi kuwa kafin ka gan ta za ka ji ƙarar ruwanta ta cikin lungu. An gama ta a 1762, amma ruwan yana zuwa ne ta magudanar da Agrifa, na hannun daman Sarki Agustus, ya gina shekara 19 kafin miladiyya, har yau tana aiki, ka ji fa. Cunkoso ba a magana, a riƙe aljihu da waya da kyau a nan da cikin metiro. Mutane na juya baya suna jefa sulalla wai don su sake dawowa Rum, Kawu yace camfi ne ba ruwansa, mu ma ba mu jefa ba. Kuɗin dai ana kwashewa a ba ƙungiyar agaji ta Caritas, kuma a shekara yana haura yuro miliyan 1.

Fantiyon, tsohon wurin bautar Romawa, shi ne ya fi komai burge ni yau, ya fi Kolosiyum nesa ba kusa ba a wurina. Daga waje kamar ba komai, ginshiƙai ne da dandali cike da masu shan kofi, kana shiga sai ka ɗaga kai ka rasa abin cewa. Zamanin Sarki Hadriyan aka gina shi, wajen shekara 1,900 ke nan, faɗin ƙubbar mita 43 ne kuma tsayinta daga ƙasa daidai da faɗin, kankare ne zalla babu rodi ko ɗaya a ciki, har yau ba a yi irinta da ta fi ta girma ba. Dabarar ita ce suna hawa sama suna rage kaurin ginin suna kuma sa duwatsu marasa nauyi. A tsakiyar rufin akwai rami buɗe mai faɗin kusan mita 9, ta nan kaɗai haske ke shiga, in ana ruwan sama yana zubowa ciki ya bi ta ƙananan ramuka a daɓen. Tun shekara ta 609 aka mayar da shi coci, shi ya sa bai rushe kamar sauran ba, don haka ana so a rufe kafaɗa da gwiwa, mu dai kaftaninmu ya wadatar. Da kyauta ake shiga, a 2023 aka fara karɓar kuɗi, yuro 5 a lokacin.

Rana na faɗuwa muka bi ta tsohuwar unguwar Yahudawa, wadda Fafaroma Bulus na Huɗu ya killace su a ciki a 1555. Ƙanina yace gidajen abincinsu na kosha, wato masu bin ƙa'idar abinci ta addininsu, suna da sauƙin sha'ani ga musulmi tunda alade ba ya shiga kicin ɗinsu sam, sai dai giya da za ka kiyaye, amma daga yammacin Juma'a har daren Asabar a rufe suke saboda ranar hutunsu, kuma haka muka gan su ana ta jan ƙofofi. Waɗanda suka rage a buɗe suna sayar da irin girkin ne amma ba kosha ba ne, a lura da wannan. Muka haye tsohuwar gadar Fabriciyo, wadda take tsaye tun shekara 62 kafin miladiyya, ta tsibirin da ke tsakiyar kogin Taiba, muka faɗa unguwar Tirastebere neman abincin dare.

Nan fa ake yin ta. Taliyar da Rum ta shahara da ita kala huɗu ce, uku daga ciki, carbonara da amatriciana da gricia, duk da guanciale ake yinsu, wato naman kumatun alade, kuma ba a cika rubuta hakan a takardar abincin ba don su a wurinsu kowa ya sani. Ta huɗun ita ce tamu, cacio e pepe, taliya da cukun madarar tumaki da masoro kawai, ana kaɗa su da ruwan dahuwar taliyar har su yi kauri. Abu uku ne amma daɗinta ya ba ni mamaki, ga gishiri ga yaji na ratsa hanci. Saltimbocca ma a bar shi, naman maraƙi ne amma da yankan alade a kai kuma da giya ake ƙarasa shi. Kalma biyu za ka haddace, senza maiale, babu alade, sannan ka tambayi giya daban. Mun ƙara da soyayyen kifin baccalà da wani ganye mai ɗan ɗaci da aka soya da tafarnuwa da barkono, sai carciofi alla giudia, wani kayan lambu ne mai ɓawo da ake soyawa gaba ɗaya har ya buɗe ya yi ƙamas, yanzu ne lokacinsa, da zafi ya shigo sai ya ɓace. Kawu ya juya shi ya juya kafin ya yarda ya ɗanɗana, ƙarshe shi ya cinye nawa.

Abincin dare ba ya kankama sai wajen ƙarfe 8, kuma duk gidan da ka ga an tsayar da mutum a ƙofa yana kiranka da hotunan abinci a allo to ka wuce, ka shiga lungu inda kake jin Italiyanci na tashi. Burodin da za su ajiye maka a tebur sau da yawa yana cikin lissafi, ruwan kwalba ma haka, za a tambaye ka mai gas ko marar gas. Ayis kirim ɗinsu muka rufe da shi a hanya, shi ma akwai tarko, zabaione da malaga da giya ake haɗa su, ni lemon tsami da fistashiyo na sha.

Gobe Asabar Kawu yace shi ba zai ƙara kallon dutse ba, takalman fata zai je nema na tsaraba, don haka ƙanina zai kai shi, ni kuma zan je gidan tarihin Fadar Fafaroma da safe tunda ran Lahadi ba sa buɗewa sai Lahadin ƙarshen wata. Unguwar Yahudawa mun bar ta sai jibi da rana.