Baba Fasto ya ce mu goge finafinai, ni kuma na tuna da Iya mai daddawa

Lahadin da ta wuce waccan Baba Fasto ya hau mumbari da zafinsa. Tun daga yadda ya cire tabarau ya ajiye a kan Littafi Mai Tsarki na san yau akwai magana. Ya buɗe Zabura 101 aya ta 3, inda Dauda ke cewa ba zai sa mugun abu a gaban idonsa ba, ya karanta sau biyu ya rufe littafin, bai sake buɗe shi ba har aka karɓi baiko. Minti arba'in cur a kan fim. Na Indiya da ake fassarawa da Hausa wai suna koya wa mata durƙusa wa gumaka da raina uwar miji, na kudu tsafi da kuɗin jini, na Kano rawa da waƙa da soyayyar banza, na Turawa kam bai ma ɓata lokaci ba ya ce wannan daga wurin Shaiɗan ake turo shi kai tsaye. Ƙarshe ya ce duk mai fim a waya ya goge kafin Jibin Ubangiji na wata mai zuwa, wato ranar da ake cin gurasa a coci don tunawa da mutuwar Yesu.

Ba zan faɗi sunan cocinmu ba, kar a kira ni gaban dattawa. A Zuru dai muke, kuma duk wanda ya san garin nan ya san coci ba ɗaya ba ne ba biyu ba, sai ku yi ta canka.

Wadda amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi a layin zumuntar mata Mamana ce. Har da ɗaga hannu. Matar da ni da kaina nake zuwa wurin masu turi a bakin kasuwa duk sati in loda mata fassarar Indiya a memori, idan na manta kuwa ranar miyata ba nama. Na leƙo ta daga bencin matasa muka haɗa ido, ta ɗauke kai kamar ba ta taɓa ganina ba.

Bayan an tashi, gindin mangwaron da ke bakin coci ya zama majalisa. Wani dattijo tsohon soja, kun san Zuru ba a rasa su, ya ce ai Baba Fasto ya ma makara, shi tun shekaran jiya ya ƙwace wayar 'yarsa ya kulle a akwatinsa na ƙarfe. Wata malamar firamare ta ce Baba ka yi haƙuri, yarinyar nan da ka ƙwace wa waya a gidana take kallo da yamma, ita da ƙawayenta huɗu. Aka fashe da dariya shi kuwa bai yi ba. Samari dai ba su ce komai a wurin ba, sai da dare a guruf ɗin WhatsApp na matasa aka buɗe wuta, wani ya ce to shi Baba Fasto ina ya san abin da ke cikin finafinan tun da ba ya kallo, wani ya ce a bar taɓa shafaffe na Ubangiji, wata ta turo Filibiyawa 4:8 mai cewa a sa tunani a kan abin da ke mai tsarki, wani ya mayar mata da 1 Tasalonikawa 5:21 wai ai cewa aka yi a gwada komai a riƙe mai kyau, to yaya za ka gwada abin da aka hana ka gani. Kafin sha biyun dare admin ya rufe guruf. Wanda ya fi ba ni tausayi yaron da ke kaɗa mana ganga a kwaya ne, don shi sana'arsa ke nan, turi yake yi da cajin waya a ɗan shagonsa, da shi yake biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Duk wa'azin nan kansa na ƙasa. Ranar Laraba na bi ta shagon in yi masa jaje sai na tarar da layi, ya ce min yaya tun Litinin ban huta ba, kowa cewa yake a sa masa irin wanda Fasto ya faɗa.

Kar ku ɗauka ina cewa Baba Fasto ba shi da gaskiya ko kaɗan. Yana da ita. Ƙanina na JS3 na sha kama shi ƙarfe biyun dare ya lulluɓe da bargo yana kallo, da safe a kai shi aji yana gyangyaɗi. Kuma kowa ya san wasu masu turin ba fim kaɗai suke sa wa yara a memori ba, akwai ƙazantar da ko babba ya gani sai ya tofar da yawu. Da a kan wannan ya tsaya da ni ma na ɗaga hannu kamar Mama. Abin da ya dame ni shi ne kuɗin goro da aka yi, an haɗa mai kyau da maras kyau an zuba a buhu ɗaya an ɗaure baki, mai ɗaurewar kuma bai leƙa ciki ba.

Wannan ba yau aka fara ba ai. A 2006 ina sakandare aka fito da The Da Vinci Code, wanda aka ɗauko daga littafin Dan Brown, inda aka ƙaga labarin wai Yesu ya auri Maryamu Magadaliya har da zuriya, wai ikilisiya ce ta ɓoye. Duniyar Kirista ta ɗauki zafi, daga Batikan, fadar Paparoma, aka yi kira a ƙaurace masa, har namu Kadinal Francis Arinze ya ce ya kamata Kiristoci su bi ta hanyar shari'a. Me ya faru? Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 700. Mu nan da ko sinima ba mu da ita, ba wanda ya san da zamansa sai da aka ambace shi a coci, washegari muka haɗa kuɗi mu biyar muka yi hayar faifan CD. Gaskiya ko rabi ba mu kai ba barci ya kwashe uku daga cikinmu, surutu ne kawai da Turancin da ba ma ji, ana ta yawo a gidan tarihi cikin duhu. Bangaskiyar kowa ta kwana lafiya. Abin da na riƙe daga lokacin shi ne wani abokina ɗan Katolika da ya ce su Fadansu zama ya yi da matasa ya ɗauki ƙaryar fim ɗin ɗaya bayan ɗaya yana warwarewa, har ya ba su tarihin babban taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekara ta 325 da fim ɗin ya murɗe. Abokin nan har yau in ana gardama a kan tarihin ikilisiya shi ke kashe bakin kowa. Mu kuwa abin da muka samu shi ne kar ku kalla.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun sha irin wannan da nasu malaman, ko a 2016 da gwamnatin Buhari ta so gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa ta jihar Kano, wa'azi ne ya tashi aka fasa aikin. 'Yan fim ɗin ba su daina ba, sun ƙara rungumar YouTube, yanzu a tafin hannun kowa suke. Wannan dai tsakaninsu ne, ni na gida ya dame ni.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Duk tsawon wa'azin akwai irin fim ɗaya da Baba Fasto bai taɓa ba, wato wanda ake kira fim ɗin Kirista. Kuma ni a rayuwata fim ɗin da na ga ya yi ɓarna da idona a cikin coci aka nuna mana shi, da janareton coci, bayan an buɗe da addu'a.

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu lokacin, a ƙauyen su Babana can wajen Dabai muke hutu. Da ma mun saba da majigi, masu bishara kan zo da fim ɗin Yesu na 1979 da aka juya da Hausa, a kafa farin ƙyalle a filin makaranta, tsofaffi na kuka wurin gicciyewa, yara na ihu idan ya tashi. Wannan ba ni da abin cewa a kansa sai alheri. Amma wannan karon wani baƙon mai wa'azi ne ya zo da kaset daga kudu, aka ɗora talabijin a kan tebur a gaban bagade, wani yana fassara mana. Labarin mayu ne. Tsohuwa da rana tana dariya da jikokinta tana ba su abinci, da dare ta fita daga jikinta ta tafi taro a ƙarƙashin itace, a can ake yanke wa zai mutu wa zai haukace wa cikinta zai zube. Ƙarshe wani fasto ya yi addu'a wuta ta sauko tsohuwar ta yi ta birgima tana tona asirin kanta. Aka yi ta tafi ana Halleluya. Ni dai ranar a tsakiyar Kakata da bango na kwana, ita ma Kakar sai da na yi ta satar kallonta.

Akwai wata tsohuwa a ƙauyen muna ce mata Iya mai daddawa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu sun rasu, ɗayan yana bariki a kudu ba ya zuwa. Idonta ja ne kullum saboda hayaƙin dafa kalwa, duk wanda ya san aikin daddawa ya san wuni ake yi ana hura wuta a ƙarƙashin tukunya. Kafin fim ɗin nan kullum muna gidanta, tana ba mu gyaɗa da ɗorawa. Bayan fim ɗin, kafin sati ya zagayo, mu yara muka gano wai ai idonta irin na tsohuwar cikin talabijin ne sak. Muka daina karɓar gyaɗarta. In ta taho sai mu watse muna kiran jinin Yesu. Sai aka yi rashin sa'a jaririn wata maƙwabciyarta ya rasu, zazzaɓi ne da damina irin wanda ke kwashe yara duk shekara, amma magana ta fita daga bakin yara ta shiga bakin manya. Ba a doke ta ba, ba a ƙona mata ɗaki ba, abin da aka yi mata shiru ne. Aka daina sayen daddawarta. A coci benci guda ita kaɗai. Na taɓa jifan ƙofarta da dutse, ni ɗin nan, ta leƙo ta kira sunana ta ce ɗan jikana me na yi maka, na ruga. Da muka koma hutun shekara ta gaba aka ce ɗanta ya zo ya tafi da ita, ban sake ganinta ba.

Da na girma na gane ba mu kaɗai ba ne. A 1999 wata mai wa'azi Helen Ukpabio ta Kalaba ta fitar da End of the Wicked, inda aka nuna ƙananan yara a matsayin mayu, kuma masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna cewa irin waɗannan finafinai sun ƙara rura wutar zargin maita a Akwa Ibom da Kuros Riba, inda aka kori yara daga gidajen iyayensu aka azabtar da wasu. Ita ta musanta cewa laifinta ne. Amma abin ya kai har jihar Akwa Ibom ta yi doka a 2008 da ta haramta laƙaba wa yaro maita. Ban taɓa jin an hau mumbari a garin nan an yi minti biyar a kan wannan ba. Tun da akwai fasto a ƙarshen fim yana cin nasara, shi ke nan ya zama bishara.

Ranar Alhamis na yi ƙarfin hali na je gidan Baba Fasto bayan addu'ar yamma. Na durƙusa na gaishe shi, Mama Fasto ta kawo min kunu, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce Baba, cikin finafinan nan da ka ambata wanne ka kalla? Ya yi dariya ya ce ɗana, sai na sha guba kafin in san guba ce? Na ce a'a Baba. Sai na ba shi labarin Iya mai daddawa tun daga farko har jifan. Ya daɗe bai ce komai ba yana juya tabarau a hannu, can ya ce a ƙauyen da ya fara aiki ma an yi irin haka da wani tsoho, kuma shi ne ya ba da aron talabijin ɗin. Bai ce zai janye maganarsa ba, ni ma ban roƙa ba. Ya dai ce in zo ranar taron matasa in faɗi abin da na faɗa masa da bakina, na ce Baba har da dutsen? Ya ce musamman dutsen.

Na dawo gida wajen tara na tarar da Mama a tsakar gida kan tabarma, ta rage murya ta kara waya a kunne tana leƙen allon ta gefe, ana ta kiɗan Indiya ƙasa-ƙasa. Na ce Mama ba ke ce mai amin ba? Ta ce kai tafi can, ai cewa ya yi kafin Jibin Ubangiji, da sauran sati biyu, kuma saura kashi tara in ga ko yarinyar nan za ta gane mijinta ne ya kashe ubanta. Ta ce gobe in za ka kasuwa ka biya wurin yaron nan mai ganga, kashi na talatin da biyu ba ya buɗewa.