Na duba mota, ban duba direba ba

Na daɗe ina tuƙi a wurin aiki, kuma ba na tayar da mota sai na duba baƙin mai, ruwan lagireto, iskar taya da birki. Wanda ban taɓa dubawa ba shi ne mai riƙe da sitiyarin.

Wani dare muna dawowa daga doguwar tafiya, tun asuba idona biyu. Hamma nake ta yi, idanuna suna yaji. Abokin aikina ya ce, "Malam, ko in karɓe ka?" Na ce masa garau nake. Ba a jima ba na ji tayar gefe ta sauka daga kwalta, tsakuwa tana dukan ƙasan motar. Allah ya kiyaye, na dawo da ita kan hanya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na kasa tuna wuraren da muka wuce kafin nan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato gyangyaɗin daƙiƙa uku ya isa ta yi fiye da mita 80 ba kowa a kanta.

Na san na gaji. Girman kai ne ya hana ni faɗa, don kada a ce shekarun da na yi a hanya ba su amfane ni ba. Daga baya na karanta cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa kan yi rauni kamar na wanda ya sha barasa har ta kai kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. Na kuma ga binciken da Ola Svenson, wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sweden, ya yi a 1981, inda kashi 93 cikin 100 na Amurkawan da ya tambaya suka sa kansu cikin rabin direbobin da suka fi ƙwarewa. Ai lissafin ba zai yiwu ba, kuma da an tambaye ni, da ina cikinsu. Laifi tudu ne: kullum ina ganin gangancin wasu, ban ga yadda nake manne wa motar gabana in raina ya ɓaci ba.

Yanzu kafin in murza makulli nakan tambayi kaina awa nawa na yi barci, ko akwai fushi a raina, ko maganin murar da na sha yana sa barci. Makon jiya amsar ba ta yi mini daɗi ba. Na miƙa wa abokin aikina makulli, na koma kujerar gefe.