Ni da Inna a Odumase Krobo

Ranar Asabar muka tashi daga unguwar Nima da ke birnin Accra zuwa Odumase Krobo, garin masu yin duwatsun ado a ƙasar Ghana. An jera tsofaffin sarƙoƙi da jigida a wata rumfa, amma wajen aikin ne ya ɗauke mini hankali. Fasassun kwalabe ake dakawa su zama gari, a zuba a ramukan yumɓu, a soka siririn karan rogo a tsakiya. Wuta na cinye karan, sai ga huda. Murhun ma da ƙasar suri aka gina shi.

Inna ta ɗauki wata shuɗiyar tsakiya, ta daɗe tana juya ta a tafin hannunta. Can ta ce mini, "Irinta kakarki ta ɗaura mini ranar aurena." Har muka shiga mota idonta da ƙwalla.